Shekarar da Na Hana Tumakina Fadama

Duk shekara idan Babbar Salla ta wuce, sai samarin Zauro su fara sintiri a ƙofar gidana. Sun ga yadda raguna suka yi daraja a kasuwar Birnin Kebbi, kowa ya zo yana cewa, "Baba Sahabi, mu ma kiwon ga muka so, ai ba wuya, haki da ruwa na." Nakan ce su dawo idan ɗari ya shigo. Mafi yawa daga nan ba na sake ganin ƙeyarsu. Ku da kuka dawo, ga ku nan a takure hannu cikin aljihu, sai ku saurara. Kiwo a wannan kwarin namu magana ɗaya ce: ka kai iyayen tumakinka damina da ransu. Rago ana sayar da shi a sami wani, amma ranar da ka rasa iyaye ka tashi daga makiyayi. Kuma tun cikin sanyin nan ake sanin wanda zai kai da wanda ba zai kai ba.

Ɗaurin harawa shi ne aikin farko da na koya. Ina saurayi mahaifiyata ta kai ni Ambursa wurin ƙaninta, Kawu Manu, wani gajeren mutum mai faɗa, wanda tumaki kaɗai ke jin magana mai daɗi daga bakinsa. Ana gama roron wake sai mu bi gona da lauje mu yanke ganyen tun yana da sauran kore, mu baza shi ya sha iska. Amma ɗauri sai da sassafe, kafin raɓa ta bushe. Ranar da na tambaye shi dalili sai ya bari rana ta take, sannan ya ɗebo wadda ba a ɗaure ba ya girgiza. Ganyen ya zube ƙasa, ya bar shi riƙe da jijiya zalla. Ya miƙo mini ya ce, "Amshi. Wagga zaka ba tumakinka? In igiya kaka son su ci, ga ta nan."

Rumfar harawa ma ba kafawa kawai ake yi ba. Ana zuba toka a gindin kowane itace saboda gara, a ɗaga ta yadda akuya ko ta miƙe a kan ƙafa biyu ba za ta kai ba, a rufe samanta da zana don kada rana ta cinye koren. Sannan akwai abin da ake fara bayarwa da abin da ake ɓoyewa. A farkon ɗari dabba tana da sauran ƙibar kaka, to lokacin ne za ka ba ta karan shinkafa da karan gero, ka yayyafa ruwan kanwa don ta ci da marmari. Harawar gyaɗa ta biyo baya. Ta wake kuwa ba a taɓa ta sai bazara ta yi tsanani, ƙasa ta yi fari fat. Sabon makiyayi shi ne ke kwance harawar wake tun yanzu don ya ga dabbobinsa suna murna. Murnar ba ta kai su ko'ina.

Safiyar ɗari tana da nata aiki. Ka kewaye turke da zana ta gefen da iska ke bugowa, don ƙananan tumaki ba sa jure ta, tari ke kama su. Kada ka kwance su sai rana ta ɗan yi ɗumi. Ruwan da aka ɗebo jiya ya kwana a baho, bar shi ya ga rana kafin su sha. Ka share turke da tsintsiyar kaba ka tara takin gefe guda, domin masu albasa suna nan tafe da amalanke, kuma mai hankali dusa ko kowar wake yake karɓa a madadinsa. Bayan haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka dafa gadon bayan kowace. Tunkiya tana iya cika ido alhali ta fara zubewa, hannu ne ke fara ji.

Sai babban aikin, wanda ba a yi da lauje ko igiya. Idan an gama ɗora harawa, Kawu yakan tsaya tsakanin rumfa da turke, ya dubi wannan ya dubi wancan. Daga nan sai ya fara nunawa da sanda: wannan zai tafi, wannan ma, waccan tsohuwar ta gama nata. Abin da rumfa ba za ta iya ɗauka ba, kasuwa ce za ta ɗauke shi, tun yana da nama a jiki. Allah kuma ya haɗa mu da Kirsimeti a daidai wannan lokaci. Akwai wata mata a unguwar Gesse da ke Birnin Kebbi, Maman Rifkatu, mutuniyar Filato, mijinta makanike ne, ita kuma tana sayar da koko da ƙosai. Shekara da shekaru a wurina take sayen akuya, kuma ba ta taɓa saye ba tare da ta buɗe bakin dabbar ta duba haƙora ba. Idan na kawo mata tsohon bunsuru sai ta toshe hanci ta ce, "Malam Sahabi, wannan ai sa'anka ne, ku koma gida tare." Ita ce ta riƙa turo mini mutanen cocinsu, har ya zama maza na kaka ba sa wuce ƙarshen shekara a hannuna.

To, shekarar da nake son ku ji labarinta ita ce wadda gulbi ya yi ambaliya a ƙarshen damina. Kawu ya riga ya rasu, ina gidana a nan Zauro da iyali da 'yan tumakina irin uda. Ruwa ya shafe shinkafa, ya hau har gonar wakena da ke bakin fadama, ya kwanta a kanta sai da komai ya ruɓe. Abin da na tsinto na ɗora a rumfa, kana tsaye a ƙasa kana hango sama ta cikinsa. Na tsaya tsakanin rumfa da turke yadda aka koya mini, na ga ko rabin ɗari ba za mu kai ba, balle bazara.

Da sanyi ya shigo ruwa ya janye, sai fadama ta fito kore shar, ciyawa mai taushi har gwiwa, ga ƙananan tafkuna ko'ina. A shekarar yunwa, wa zai ga wannan ya kau da kai? Gari duka aka kwance dabbobi aka kora can. Ni kaɗai na bar nawa a ɗaure, saboda wata magana da Kawu ya sha nanata mini: ciyawar da ruwa ya kwanta a kanta ya janye, ba a ba tunkiya ita ɗanya, sai an yanke ta ta bushe ƙayau. Ya ce ya taɓa ganin ta share turken mutum tas. Ni ban taɓa gani ba, maganarsa kawai nake riƙe da ita.

Ƙanina Altine, uwa ɗaya uba ɗaya, gidansa jikin nawa yake, kuma shi ma yana da tumaki. Shi bai zauna wurin Kawu ba. Wata safiya ya koro nasa za su fadama, ya tsaya ya leƙo ta kan danga.

"Yaya, mi kaka jira? Allah ya amshe muna wake ya ba mu haki, kai ko ka ɗaure bisashe suna kuka awa marayu."

Na ce, "Hakin ga ba na ci na ba, Altine. Kawu ya hana."

Ya yi dariya. "Allah shi jiƙan Kawu. Walle da ya ga shekarag ga, shi zai hwara kwance nashi."

A cikin gida ma ban tsira ba. Duk safiya idan tumakin gari suka wuce, nawa sai su miƙe su ja igiya su yi ta kuka har garken ya ɓace. Matata Kulu ta gaji ta ce, "Malam, kukan ga ya hana ni sakat. Ko rabin yini ka sake su mana, mi za shi hwaru?" Na yi mata tsawa, amma gaskiya tsawar ta tsoro ce. Ni kaina akwai safiyar da na kai hannu kan igiya, sannan na janye.

Abin da na fara yi shi ne rage baki. Kirsimeti na matsowa na kwashe maza duka da awaki na kai Birni, na bar iyaye da rago guda. Maman Rifkatu ta dubi abin da na kawo, ta dube ni.

"Malam Sahabi, bana ka share gida ne? Lafiya dai?"

Na gaya mata halin da ake ciki. Sai ta shiga bayan ɗaki ta jawo wani buhu. Dusar da take tacewa daga gasarar koko ce, da ma kajin maƙwabta take watsa wa. Ta ce daga yau za ta riƙa shanya mini ita, za ta kuma faɗa wa masu kunu na cocinsu su tara tasu. Na ce to ta faɗi abin da zan riƙa ba ta. Ta ce, "Ka riƙe tumakinka su rayu. In sun mutu, wa zan zaga da Kirsimeti mai zuwa?" Duk ranar da na shiga Birni da babur, da buhu nake komowa.

Dusa kaɗai ba ta riƙe tunkiya, sai da abin da zai cika ciki. Shi ya kai ni yankan burugu. Wanda bai san shi ba, ciyawar gulbi ce mai kauri, kararta da zaƙi, tana tsirowa a ruwa mai zurfi ta yi shimfiɗa a sama. Ina da aboki masunci a Argungu, Hassan, shi ya yarda ya riƙa ɗaukata a kwalekwalensa idan ya gama duba tarunsa da safe. Ku da kuke rawar ɗari a bakin wuta, ba ku san sanyi ba sai kun zauna a tsakiyar gulbi tururi yana tashi a kan ruwa, ku tsoma hannu ku kamo burugu ku sa lauje. Yatsu sukan sandare har ka kasa sanin ko lauje kake riƙe da shi ko kara. Hannuwana suka tsattsage, Kulu ta yi ta shafa mini man kaɗe tana mita. Idan mun cika kwalekwale mu fito, in nemi motar da ta sauke kaya za ta koma wayam, a kawo mini. Sannan in baza shi a kan tudu, ina juyawa da sanda, har sai na lanƙwasa kara na ji ya karye ƙas.

Wannan fa ya ba mutanen gari abin dariya. A majalisa ana cewa Sahabi ya ƙetare ciyawa a ƙofar gida ya tafi Argungu neman ciyawa, ya kawo ta kore kuma ya tsaya sai ta mutu. Wani ya ce me ya hana in yanki ta nan. Na ce ta nan an tattake ta da laka da kashi, kuma in ta bushe ba abin da ke saura. Ba wanda ya saurare ni, kuma ban ga laifinsu ba, domin ido yana tare da su. Tumakin Altine suka yi ɓul-ɓul, gashi yana sheƙi. Nawa kuwa suna nan dai, ba su zube ba amma ba su cika ba. Yakan zo ya dafa bayan tunkiyata ya girgiza kai ya ce, "Yaya, ka sa bisashen ga azumi ba su yi niyya ba." Maganar tana yi mini ciwo ƙwarai. Sau da yawa nakan ce a raina, idan Kawu ya yi kuskure fa, na wahalar da dabbobi da iyali a banza?

Iska ta juya, zafi ya fara shigowa, sai wata tunkiyar Altine ta fara zama a bayan garke. Ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa, cikin idonta ya yi fari. Kafin a ce me ke nan, wata ta bi, wata ta bi. Da aka yanka ta farkon aka fito da hanta, sai ga ta ta yi tauri, cike da wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganyen magarya. Aka kira malamin dabbobi daga Birni, ya zo ya yi ɗure, ya ce ciwon hanta ne, ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance su ke ɗauke da shi su bar shi a jikin ciyawa. Maganinsa ya ceci waɗanda abin bai yi nisa ba, amma da yawa an makara. Gida-gida aka yi ta yanka don kada su mutu mushe, har mahauta suka daina zuwa. Altine ya tashi da tsohuwa guda da ba ta ƙara haihuwa ba. Bakina ya yi ƙaiƙayi in tuna masa maganar azumi, amma na ga yadda yake zaune a gaban turakunsa, na haɗiye. Ɗan'uwana ne, kuma tausayinsa ya fi ƙarfin haushina.

Kada ku ɗauka ni na tsira. Bazarar shekarar ta yi tsawo. Gulbi ya ja baya, burugu ya ƙare a inda kwalekwale ke kaiwa, Hassan ya ce kada in ƙara ɓata kuɗin mota. Ɗan abin da na ɓoye na harawa na riƙa gutsura musu kamar magani, shi ma ya kai ƙarshe. Dusar Maman Rifkatu ce kaɗai ta rage, ita kuma ba ta isa. Ga iyayen nan duka da ciki, sun yi nauyi, na dafa bayansu ina jin ƙashi. Hadari yakan haɗu da la'asar, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. Na je kasuwa neman harawa na tarar dami guda ya fi ƙarfina.

Daga ƙarshe na yanke shawarar kai su kasuwa. Duk makiyayi ya san ma'anar kai tunkiya mai ciki kasuwa da bazara: mahauci ne zai saya, kuma ita da abin da ke cikinta sun tafi. Duk sanyin gulbin da na sha, duk dariyar da aka yi mini, ga inda abin zai tsaya. Da safe na shiga turke na fara kwance igiya, Kulu tana tsaye a bakin ɗaki tana kallona. Ban taɓa jin baƙin ciki a sana'ar nan kamar na wannan safiya ba.

Sai na ji ana fama da ƙofar danga. Dami ne ya fara shigowa, babba, sannan Altine a ƙarƙashinsa. Ya sauke shi a gabana. Harawar wake ce, kore, ganyenta bai zube ba. Shi gonar wakensa a kan tudu take, ruwa bai kai ta ba, kuma tunda tumakinsa fadama suka yi ta ci duk ɗari, rumfarsa ko dami guda ba a sauke ba. Ni na san da ita, kullum ina ganinta ta kan danga, amma ta yaya zan roƙi mutumin da ya rasa dabbobinsa abincinsu?

Ya dubi igiyar da ke hannuna ya ce, "Ina zaka da su?"

"Kasuwa."

"Maida su. Ni ga rumhwa cike ba mai ci, kai ga masu ci ba rumhwa. Mi muka jira, Yaya?"

Na ce, "To mi zan ba ka?"

Ya ɓata fuska. "Kak ka ɓata min rai da sahen ga. Taho ka kama min, da saura da yawa."

Yinin ranar muka yi muna sauke rumfarsa muna ɗorawa a tawa, Kulu tana ta kawo mana fura tana share ido da gefen zane. Harawar nan ita ta riƙe su har ruwa ya sauka. Ko da ya sauka ban sake su a kan sabon tsiro ba sai da ya yi ƙwari, don shi ma yana sa zawo. Suka haihu lafiya, wasu ma tagwaye, ba wadda na rasa.

Da kaka ta zo aka yaye 'ya'yan, na zaɓi matan da suka fi kyau, masu baƙin gaba da farin baya. Na jira Altine ya tafi masallaci, na ja su na shiga gidansa, na ɗaure su a turakun nan da suka daɗe wayam. Ya dawo ya tarar da mu. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ni kuma ina jira in ji abin da zai ce.

"Yaya," ya ce, "igiyag ga ta yi tsawo, za su harɗe."

Ya durƙusa yana rage ta, ya ba ni baya, kuma bai ɗago ba har na fita.